Igiya a Ƙugu

Tun ranar da iskar farkon damina ta kayar da darbejiyar bayan gidanmu cikin babbar gota, magudanar ruwan unguwa, abinci bai sake yi mini daɗi ba. Mutanen gida sun san halina. Ni ce mai komawa in duba murhu bayan na kashe wutar da hannuna, ni ce mai sake alwala don ina shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Shi ya sa da na fara cewa a cire itacen nan tun gota tana bushe, ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi. Surukata ta ce, "Mma, kin fara ke nan." Ɗana ya ce idan ya dawo daga tafiya zai nemo masu injin yanka. Wanda ya tsaya ya saurare ni shi ne babban jikana, mai tuƙa motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku, yana kai kaya kasuwa, shi ma don ya samu abin tsokana ne.

"Amarya, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Itacen nan yanzu ko mun taru duk layin nan ba mu ɗaga shi kuraa, ko motsi ba zai yi ba. Bari ruwa ya zo ya ɗaga mana shi, mu sa igiya mu jawo shi kamar akuya."

Na ce, "Maigida, ka taɓa ganin akuyar da ta ja mai ita zuwa mahauta?"

Ya yi dariya ya tafi. Da yamma na ga ya dawo da sabuwar igiyar roba, shuɗiya, ya rataye ta a ƙusa bakin ƙofar ɗakinsa. Tun daga lokacin, ko ina na zauna a tsakar gida idona yana kanta.

Wannan gota da suke gani da siminti hagu da dama, ni na san ta tun tana rafi. A lokacin unguwar nan tamu, Jisonayili, ƙauyen Dagomba ne, ɗakuna zagayayyu masu jinka, gonakin dawa da doya, sai kaɗanya ko ta ina ka juya. Mu muna Sabonjida, can cikin gari, kuma zuwa nan tafiya ce ta gaske, wadda ake tashi dominta bayan sallar asuba. Mahaifiyata man kaɗe take yi. Ban san wata ƙara da na fi sani a duniya ba kamar ta gidanmu da sassafe: tabarya tana fasa ƙwarar kaɗe, dutsen niƙa yana gurnani, zabi suna faɗa a kan katanga, sannan tafin hannun mata yana bugun ƙullun a cikin kwano, faɗ, faɗ, har man ya taso fari. Na yi makarantar firamare, amma ko a aji kunnena yana jin wannan bugun. Aikin kaɗe kuwa wuta yake ci. A dafa ƙwara, a soya ta, a dafa man, duk da itace. Yanzu surukata tana murɗa kan gas wuta ta kama, shuɗiya, babu hayaƙi, babu wanda ya tambayi inda ta fito. Mu a lokacinmu kowace wuta sai da wani ya ɗauko ta a ka.

Kuma ba kowane itace ake taɓawa ba. Masu ƙasa sun hana a sare kaɗanya mai rai, ɗorawa kuwa tana da mai ita ko a tsakiyar daji take. Mu Hausawa baƙi ne, muna kiyaye wannan fiye da su ma. Abin da ya rage mana shi ne ƙirare da abin da ruwa ya kawo. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, rafi yakan tumɓuke bishiyoyin da ya daɗe yana cin gindinsu, ya kwaso waɗanda suka mutu a tsaye, ya zo ya zube su a kwana. Tsofaffi suna cewa itacen ruwa ba shi da uba. Wadda ta fara ɗaura masa igiya, nata ne, ba mai yi mata gardama, ko Bahaushiya ce ko Badagomba. Don haka washegarin ruwa za ka ga 'yan mata a hanya kowace da igiyar rama a kafaɗa, ana gaisawa ana dariya, amma ƙafa tana ƙara sauri. Kuma dukanmu iri ɗaya muke yi: baki ɗaya a jikin itace, ɗaya bakin a ƙugu. Hannu yana riƙe da sanda yana laluben ƙasa, ƙugu kuma ya fi hannu ƙarfin ja. Haka na ga yayyena suna yi, haka na koya, ba wanda ya taɓa ce mini akwai wani abu a ciki.

Mai raka mu ita ce Goggo, yayar mahaifina. Doguwa ce, bakinta ja da goro, ba ta iya magana a hankali ba. Ita ba ta shiga ruwa, ta ce ta gama nata shigar. Tana bakin gaɓa da adda tana sassare ƙananan rassa tana ɗaure su. Tsoronta muke ji fiye da na rafin, domin rafin bai taɓa marin kowa a gabanmu ba.

Ranar da nake son faɗa, gari ya waye tas. An yi ruwa jiya, amma da hantsi sama fes take, rana tana dukan ƙeya. Ruwan rafi ja ne kamar koko, iyakarsa gwiwa, yana tafiya ba hayaniya. Ni na fara hango shi. Wani reshe ne guda ya fito saman ruwa a tsakiya, kaurinsa kamar cinya, yana sunkuyawa yana ɗagowa, yana sunkuyawa yana ɗagowa, kamar mai gyangyaɗi. A bayansa kuma wani baƙin doro ya ɗan leƙo. Na gane kaɗanya ce babba. Itacen da zai ɗauki mahaifiyata har kaka. Akwai wata ƙawata Badagomba, 'yar ƙauyen, da muke tsere kullum, ita ma ta gan shi. Muka faɗa ruwa tare, na riga ta da taku kaɗan, na ɗaura igiyata a wani kututture da hannuna ya samu a tsakiyar doron.

"Ɓarauniya!" ta ce da Hausarta ta kasuwa, tana dariya tana watsa mini ruwa. "Ni ya gani farko!"

"Ido ba ya ɗaure itace," na ce mata. "Zo ki taya ni, in ba ki reshe."

Ta kama igiyar a gabana, ni ina baya da ita a ƙugu, muka juya wa itacen baya muka nufi gaɓa. Da farko kamar muna jan dutse. Sai muka ji ya motsa, yashi ya sake shi kaɗan. Muka yi guɗa. Ban lura ba a lokacin, sai daga baya na tuna, cewa ruwan ya yi sanyi a ƙafata, kuma kumfa da tsinkayen ciyawa sun fara wucewa da sauri, kuma abin da yake gwiwa ya kai cinya. Ashe can sama inda ba mu gani an yi wani ruwan da asuba, sai yanzu ya iso.

Itacen da yake kwance, kansa yana kallon inda ruwa ke fitowa, sai ya fara juyawa a hankali. Na waiwaya na ga doron yana tsawo, yana tsawo, har ya gitta rafin. A gabansa ruwa ya taru ya yi tudu, a bayansa ya yi rami yana juyawa. Igiyar ta fito daga ruwa ta miƙe, tana tsiyaya, tana rawa, tana wani kuka siriri kamar tsirkiyar goge. Ƙawata ta yi ihu ta saki, tafin hannunta ya saɓule. Ni ba ni da abin saki.

Ban san yadda zan kwatanta wannan ja ba ga wanda bai ji shi ba. Ba fizga ba ce. Da fizga ce da ta wuce. Ja ne wanda ba ya numfashi. Mutum in yana jan ka yakan gaji, jaki yakan tsaya ya gyara ƙafa, wannan kuwa yana nan yadda yake, yana ƙaruwa kaɗan kaɗan. Na kafa sandata, ta karye. Na kafa dugadugaina a yashi, na ji yashin yana zarewa daga ƙarƙashinsu. Igiyar ta nutse cikin naman ƙuguna, ta matse ni har na kasa jan iska. Na kai hannu ga ƙullin, amma rama in ta jiƙa kumbura take, ƙullin ya zama kamar ƙwarar kaɗe, farcena ya karye a kansa. Ina ta jingina baya da dukan ƙarfina ina kiran mahaifiyata, kuma duk jinginar da na yi sai igiyar ta ƙara cin jikina.

Sai na ji muryar Goggo daga gaɓa.

"Bi shi! Ke, 'yar nan, daina ja! Bi shi!"

Na ji ta sarai, amma na ɗauka ta haukace. In bi shi ina? Can inda yake tafiya ruwan ya fi zurfi, ya fi baƙi. Duk abin da ke cikin jikina yana cewa in koma baya.

"Don ubanki bi shi da gudu! In kin tsaya ni zan kashe ki kafin ruwan!"

Tsoron Goggo ne ya ɗaga ƙafata, ba hankali ba. Na juya na fuskanci itacen na taka zuwa gare shi, ina tuntuɓe, ruwa yana ture ni ta baya, ya kai mini ƙirji. Sai igiyar ta yi laushi. Kukan ya tsaya. Na ja numfashi na farko, ya shiga kamar barkono. Goggo tana gudu a gaɓa daidai da ni, zaninta a hannu, sannan ta diro cikin ruwan da ta ce ta gama shiga. Ta kama igiyar inda ta yi sako-sako, ta lanƙwasa ta a kan kaifin adda, tana gogawa tana tafiya tare da ni, tana zagina, tana zagin ruwan, tana salati, duk a numfashi ɗaya. Ba ta bar ni na tsaya ba ko taku guda. Da igiyar ta tsinke, ta damƙi gashina, da shi ta jawo ni gaɓa.

Muna kwance a laka muka ga itacen ya isa kwana, ya daki gaɓa, ya mirgina. A nan na ga abin da nake ja da shi. Abin da ya leƙo sama ba komai ba ne. Ƙarƙashinsa rassa ne birjik kamar yatsun hannaye da yawa, kuma tsakanin yatsun duk ciyawa ta cika, da karan dawa, da ganye, da wata tsohuwar zana ta gidan wani. Faɗinsa ya kai bangon ɗaki. Ya ɗaga wannan duka sama yana zubar da ruwa, ya tsaya kamar yana kallonmu, sannan ya kife ya nutse, reshe guda ya sake fitowa yana gyangyaɗinsa, ya wuce. Har yau idan na yi zazzaɓi shi nake gani.

Goggo ba ta mare ni ba. Ta zauna ta ciro goro daga bakin zaninta, ta yi ta ƙoƙarin ɓare shi, ya gagare ta, ta jefar. Da rauni na ya fara warkewa, ta kai ni wata ƙaramar magudanar ruwa kusa da gida da faifai a hannu. Ta ce in tsoma shi ta gefe. Na tsoma, ruwa ya raba ya wuce, ko yaro zai riƙe. Ta ce in juya shi ya fuskanci ruwan. Ya kusa ƙwacewa daga hannuna. Ta ce in matsa inda ruwan ya ɗan fi gudu, ba da yawa ba, in sake. A nan sai da na sa hannu biyu.

"Kin gani?" in ji ta. "Faifan bai ƙara nauyi ba. Ba da itace kike ja ba, da rafin kike ja. Itace in ya ba ruwa kansa, ruwa ya wuce. In ya ba shi haƙarƙari, ruwa ya kama duka. In gudunsa ya ƙaru da kaɗan, ƙarfinsa ba da kaɗan yake ƙaruwa ba. Kuma abin da ke ƙasa ya fi na sama, kullum. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Na ce na ji. Ban sake shiga rafi ba. A waccan shekara da karan dawa da ɓawon kaɗe mahaifiyata ta dafa manta, ba ta taɓa tambayata itacen ba. Tabon igiyar yana nan a ƙuguna, ya zagaye ni sai ɗan wuri a baya. Mijina, Allah ya jiƙansa, yakan ce an yi mini jigida wadda ba ta tsinkewa.

Yanzu ba mai tseren itacen ruwa. Abin da muka kusa mutuwa a kai ya zama shara, yana kwance a gota ba mai so. Kaɗanyun sun tafi, gidajen bulo sun hau kansu, ruwan da dā yake shiga ƙasa yanzu daga kwanon rufi yake faɗowa kan siminti ya taho gaba ɗaya. Rafin da na sani yana da yashi da kwana da saiwoyi masu rage masa gudu. Wannan miƙaƙƙe ne, santsi ne, kuma maimakon ciyawa leda yake ɗaukowa, baƙa da fara, wadda ko ɗigo ba ya ratsa ta. Ina tsayawa a bakin gota ina kallon rassan darbejiyar nan da ganyensu, ina cika tsakaninsu da leda a raina, sai in ji ƙuguna yana zafi.

Na ba jikana labarin nan duka. Ya saurara yana cin gyaɗa, ya ce, "Amarya, ashe ke ma kin yi ƙiriniya paa." Da na ga haka, wata rana da ya fita na sauke igiyar na tura ta ƙarƙashin gadona. Amma na kasa sallah da natsuwa. Kayan wani ne, ban tambaye shi ba, kuma ina jinsa yana zargin abokansa. Kafin magariba na fito da ita na miƙa masa.

"Au, ɓarawon yana cikin gida?" ya ce.

"Ka yi mini alkawari. Ba za ka ɗaura ta a ƙugu ba."

"Na yi, uwargida. Wallahi ba ƙugu."

Ranar da abin ya zo, bayan azahar ne. A unguwarmu ko ɗigo ba a yi ba, amma gabas ta yi baƙi tun safe. Ina zaune ina tsince shinkafa sai na ji gota ta canja murya. Ba wanda ya ji sai ni. Kafin in ajiye tire, samarin layi sun fara kiran juna, jikana ya fizgi igiya ya fita. Na ɗauki wuƙar girki na bi su, ba takalmi, gwiwoyina suna ƙara.

Da na isa har sun ɗaura, a tsakiyar gangar jikin, inda ya fi sauƙin kamawa. Sun hau bakin siminti sun jeru, shi ne na ƙarshe. Ya cika alkawari, ba ƙugu. A wuyan hannunsa ya naɗe ta, naɗi a kan naɗi. Ruwan ja ne kamar koko, kumfa da leda suna wucewa. Darbejiyar ta taso, suka yi ihun murna, suka ja. Na ga ta fara juyawa. Ta gitta gotar, leda ta fara manne wa rassan ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya yi tudu a gabanta, igiyar shuɗiya ta miƙe ta fara wannan kukan. Na gaba ya saki, na bayansa ya saki, suna yarfa hannu. Jikana ya durƙusa, ya kafa ƙafa a gefen siminti, ya jingina baya da dukan ƙarfinsa, hannunsa ya miƙe kamar ba nasa ba. Tsakanina da shi akwai nisan da ƙafata ba za ta ci ba. Can gaba kuma kwalbati ne, bakinsa baƙi, ruwa yana shiga da ƙugi.

"Bi shi!" Ban san ina da irin wannan murya ba. "Daina ja! Don ubanka bi shi da gudu!"

Ya waiwayo ya dube ni. Idon nan na san shi, na san abin da jikinsa yake gaya masa. Na ɗaga wuƙar sama, ban san me nake nufi da ita ba.

"In ka tsaya ni zan kashe ka!"

Ya tashi ya ruga a kan bakin siminti, yana bin itacen, yana nufar kwalbatin. Igiyar ta yi ciki, ta taɓa ruwa. Yana gudu yana juya hannu, naɗi yana fita, naɗi yana fita, na ƙarshe ya zame ya yi tsalle kamar maciji ya faɗa gota. Ya kife a ƙasa. Darbejiyar ta daki bakin kwalbati da ƙarar da na ji a haƙorana, ta toshe shi. Ruwa ya rasa hanya, ya hau, ya tsallake siminti, ya bi layi, ya shiga gidanmu ta ƙarƙashin ƙofa.

Ya shiga ɗakina har ƙauri. Katifata ta sha, buhun masara ya jiƙe, shinkafar da na bari tana yawo a tsakar gida da tiren. Surukata tana kwasar ruwa da bokiti tana faɗa, ba ta san wa take yi wa faɗan ba. Ni na zaunar da jikana a kan benci, ƙafafunmu cikin ruwa, na aika aka ɗauko mini man kaɗe, na kasuwa, a cikin roba. Fatar wuyan hannun ta saɓule, ja, ta zagaye sai ɗan wuri a baya. Ina shafawa, man yana zubewa. Sai lokacin na ga har yanzu wuƙar tana kan cinyata.

Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Kaka, katifarki ta tafi."

"Rana za ta fito," na ce.

Gota tana ta ƙugi a bayan gida. A ƙarƙashin yatsuna ina jin jijiyarsa tana bugawa, da sauri, kamar ta ɗan tsako. Ya ɗan ja hannun, ya ce man ya isa haka, in sake shi ya je ya taya uwarsa kwasar ruwa.

Ban saki ba.